Rakiyar da Na Katse

Shekarar da aka ɗauke ni aikin auna juriyar mutane, ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Kankiya, kuma ina ji da kaina. In aka ce ana neman wanda ya san Hausa a garin, ni ake nunawa, ni ma kuwa ba na musu. Da wannan jin kan na fara, domin shi ya kai ni inda ya kai ni.

Wata dakta ce ta zo daga wata jami'a, da mota da direba da jakar takardu. Likitar ƙwaƙwalwa ce, mace mai natsuwa, 'yar birni, Hausarta irin ta rediyo. Ta ce mini akwai wasu tambayoyi da aka tsara a wata ƙasa mai nisa, da su ake gane ƙarfin zuciyar mutum, wato yadda yake iya miƙewa bayan duniya ta kayar da shi. Tana so a mayar da su Hausa, a gwada su a kan mutanenmu, a ga ko a nan ma suna auna abin da aka yi su dominsa. In sun ci jarrabawa, sai a raba su ga ƙananan asibitocin karkara. Ta kuma yi alkawari ɗaya: duk wanda amsoshinsa suka nuna ya raunana, ita da kanta za ta zauna da shi ta saurare shi, in da buƙatar magani ta ba shi.

Na ce mata, "Dakta, mutumin da ya ci dusa a shekarar fari ya kuma yi hamdala, shi za ku auna wa juriya da biro?" Ta yi murmushi ta ce ai shi ya sa take neman irina. Da wannan 'yar magana ta saye ni, ba ta ma wahala ba.

Mun yi makonni muna fama. Ni in fassara, wani malami da bai taɓa ganin na asalin ba ya mayar da tawa Turanci, sannan a jera biyun a ga inda suka saɓa. Duk inda aka ce tawa ta kauce sai in tashi da faɗa, kamar an zagi uwata. Da aka gama da wannan, sai matsalar amsa ta taso. Kowace tambaya tana da amsa hawa biyar, daga "ko kaɗan" zuwa "kullum", ni kuwa na san ba manomin da zai tsaya yana rarrabe "wani lokaci" da "sau da yawa". Sai na shiga kasuwar Kankiya na sayo ƙananan kwanoni biyar da tiyar gero. Na farko na bar shi wayam, na biyu ɗan kaɗan a gindi, na uku rabi, na huɗu ya kusa cika, na biyar cike har da tozo. A karanta wa mutum magana, ya nuna kwanon da ya yi daidai da shi. Dakta ta yaba har ta ɗauki hotonsu, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Saura gwaji ɗaya, wanda ta ce shi ne babba. Za a yi wa mutum tambayoyin yau, a koma bayan mako biyu a sake yi masa su. In amsar farko da ta biyu sun yi kusa, ma'aunin na gari ne. In sun yi hannun riga, a jefar da shi a sake sabo. Tiya ta gari, in ji ta, abin da ta ba ka yau shi za ta ba ka gobe. A saman takardar zagaye na biyu akwai wani ɗan akwati: a fara tambayar mutum ko wani babban abu ya same shi a tsakani. In ya ce e, a ware takardarsa gefe, ba za ta shiga gwajin ba, a kuma gaya wa Dakta ta je ta gan shi. Doka ta biyu, wadda ta nanata mana har muka haddace: ka rubuta abin da mutum ya faɗa, ba abin da kake zato ba.

Da damina muka fita, an gama noman farko. Muka yi Fakuwa, muka yi Kunduru, muka tsallaka ɓangaren Kusada. A wani ƙauye kusa da Bauranya, cikin gidajen da mai unguwa ya lissafa mana, sai ga gidan Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifina, ya haɗa ni da ɗansa na fari muka tashi ɗaki ɗaya. Da aka ce gida ɗaya yaro ɗaya za a sa boko, ni ya tura, ya bar nasa a gona. Wannan ɗan nasa, wanda nake kira Yaya, shi ya riƙe garma da shanun huɗa shekara da shekaru ni ina riƙe da alli. Bai kamata in yi wa Kawu tambayoyin da kaina ba, na san haka. Amma a wannan ƙasa wa za ka samu da ba danginka ba? Ban gaya wa Dakta ba.

Ranar farko wasa muka sha. Ya shimfiɗa mini buzu a zaure, ya dubi kwanonin da na jera ya ce, "Malamin boko, yau kuma talla ka koma? Wanga gero ma bai ji ruwa ba, an cuce ka." Ina karantawa yana nuna kwano da sandarsa. In abu ya same ni nakan koma aikina ba da jimawa ba: cike. Ina ganin gobe za ta fi yau: cike. Nakan samu barci ko da raina a ɓace: wanda ya kusa cika, wai sauro ya cinye sauran. Da na karanta, "Ina da wanda nake faɗa wa damuwata," bai yi gaggawa ba. Ya leƙa waje, inda Yaya yake ɗaure shanu a turke, ya ɗan ɗaga haɓa ya ce, "Ga wancan." Ba ya kiran sunansa, kunyar ɗan fari. Ya taɓa cikakken kwanon.

Kwana huɗu bayan haka maciji ya sari Yaya a gona yana cire ciyawa. Aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Kawu na tsaye, bai zubar da hawaye ko ɗaya ba, shi ke ma ba mutane haƙuri. Masu ta'aziyya suna fita suna cewa, "Kai, dattijo ke nan." Na ɗauki hutun kwana uku, na ce wa Dakta an yi mana rasuwa. Ta yi mini gaisuwa da kyau, ba ta tambayi wane gida ba, ni ma ban faɗa ba.

Da muka fara zagaye na biyu, tun a Kunduru na gane akwai abin da ba mu lissafa da shi ba. Wani tsoho, ina karanta masa tambaya ta uku, ya janye ƙafarsa ya ce, "Yaro, ba kai ne ka zo wancan mako ba? Mi na ce maka?" Na ce sake ji nake so in yi. Ya ce, "Halan ka ɗauke ni mai magana biyu?" Daga nan ya bi kwanonin ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya nuna wancan karon nan ya nuna, ko kuskure babu, yana yi yana harara ta. A Fakuwa wata tsohuwa ta kira surukarta ta tuna mata wane kwano ta taɓa a tambayar barci, don kada a ce ta canza baki. A wurinmu, in ka maimaita wa babba tambaya, gaskiyarsa kake gwadawa. Zai tsaya a kan maganarsa ta farko ko da sama za ta faɗo. Ni da ke koya wa yara wannan a aji, ni ne na ɗauki kwanoni ina yawo gida gida ina murna amsoshi suna dacewa.

Ga shi kuma takardunmu sun ragu. Fulanin da muka yi wa tambayoyi a wata ruga sun tashi da shanunsu saboda gonaki sun rufe hanya, wasu mutanen sun tafi cin kasuwa, wasu sun ce sun gaji da mu. Dakta ta shiga damuwa. Ta ce in muka ƙara rasa ko kaɗan, gwajin ya rushe, sai baɗi, kuma wataƙila a nemi wata fassarar. Wannan kalma ta "wata fassarar" ta tsaya mini a rai.

Ranar da layi ya zo kan gidan Kawu, kwana uku ke nan da addu'ar bakwai. Hadari ya haɗu ta gabas, kuma akwai wani rafi tsakaninmu da Kusada wanda in ya cika sai a yini a bakinsa. Dakta ta zauna a mota a bakin hanya tana duba takardu, ta ce in yi sauri.

Na same shi a zaure, a kan buzun nan dai. Rigar ta yi masa yawa. Shanun na turke ba wanda ya sake su, rana ta yi tsaka. Muka gaisa, na jera kwanoni, bai tsokane ni ba. Na karanta abin da ke cikin akwatin sama da murya irin ta aiki, kamar baƙo: ko wani babban abu ya same ka cikin makonni biyun nan?

Ya dube ni. Ni da na karɓi gawar ɗansa da hannuna. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Babu komi sai alheri."

Na rubuta "babu".

Na sha gaya wa kaina cewa doka na bi, an ce ka rubuta abin da mutum ya faɗa. Ƙarya nake yi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idona ya ga abin da ya gani. Na ɓuya a bayan dokar ne don kada takarda ɗaya ta fita daga lissafi, don kada a ce Hausar malam ba ta ci jarrabawa ba.

Muka bi tambayoyin. Nakan koma aikina ba da jimawa ba: cike. Gobe za ta fi yau: cike. Barci: wanda ya kusa cika, amma ba maganar sauro. Yana tuna kowane ɗaya, kamar mai biya karatu. Da na iso ta wanda ake faɗa wa damuwa, na so in tsallake, bakina ya riga ni. Bai leƙa waje ba. Sandar ta tashi, ta tsaya a iska a kan kwanon da ba komai. Sannan ta wuce a hankali ta sauka a kan cikakken. Ya ce, "Ai na hwaɗa maka."

Na juye geron a buhu, na tattara kwanoni, na ce zan tafi. Sai ya miƙe ya sa takalmi.

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kawu bai taɓa raka ni ba. Babba ba ya raka ɗansa, iyakarsa ya ce ka gaida gida daga inda yake zaune. Kuma kowa ya san amfanin rakiya. A zaure ana gaisuwa ne, lafiya lau, sai godiya, ko da gidan na ci da wuta. Maganar da ta kawo mutum, ko wadda ke cin mai gida, sai an fito, an bar kunnuwan gida a baya, ana tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani. A nan ake neman aure, a nan ake faɗin ciwo. Na taɓa ba ɗalibaina jinga su rubuta shafi biyu a kan wannan al'ada, na kuma ba wasu sifili.

Ya karɓi buhun kwanonin daga hannuna, ya ce shi zai riƙe. Muka wuce masallaci. Na ce, "Kawu, ya isa haka." Ya ci gaba da tafiya. Muka wuce rijiya, muka wuce kukar da ke ƙarshen gari, inda ko manyan baƙi nan ake sallamarsu. Muka shiga tsakanin gonaki, gero ya kai ƙugu, iska na kaɗa shi. A gefen gonarsa ya tsaya, daidai inda ciyawar da aka fara cirewa ta bushe a kan kunya, sauran kuma ta ci gaba da tsiro. Ya kafa sandarsa a ƙasa. Yana kallon gonar ya ce, "Ɗan nan, wato ni dai..."

Direba ya danna ham. Ya sake dannawa, dogo. Na ga motar daga nesa, na ga hadarin ya yi baƙi, na ji ɗigon farko a wuyana.

Na ce, "Kawu, koma haka nan kada ruwa ya taɓa ka. Zan dawo ranar Juma'a in sha Allahu, mu zauna sosai."

Ya zare sandarsa daga ƙasa. Ya miƙo mini buhun ya ce, "To. Allah shi kiyaye hanya." Na ruga da gudu ina kare takardu da rigata. Mun tsallake rafin kafin ya cika, har direba yana yaba wa kansa.

Ban dawo ranar Juma'a ba. An tafi da mu Katsina shigar da amsoshi cikin na'ura, aka yi mako uku. Ranar da sakamako ya fito Dakta ta yi farin cikin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Amsar farko da ta biyu sun dace fiye da yadda ta yi fata, kuma dattawan ɓangaren Kusada sun fi kowa. Ma'aunin ya ci jarrabawa. Na ce mata, da muryar wasa don kada ta yi nauyi, ai dattijo ba ya magana biyu, wataƙila abin da muka auna ke nan. Ta ce wannan batu ne mai ban sha'awa, za ta ambace shi a ƙarshen rahoto. Ban sani ba ko ta ambata.

Ta fitar da jerin waɗanda za ta gani, yawancinsu matasa ne da ba su ɗauki canza magana a bakin komai ba. Kawu na can sama cikin masu ƙarfin zuciya. Ba zan zalunce ta ba, ta cika alkawarinta, kowa da ke jerin ta zauna da shi. Har ma ta juyo ta tambaye ni, "Malam, kai da ka shiga gidajen, akwai wanda kake ganin in duba ko da ba ya cikin nan?" In na ce akwai, sai na faɗi abin da na rubuta a akwatin, da gidan da aka yi rasuwar, da wanda ya yi tambayoyin. Na ce babu. Sau biyu ke nan na faɗi kalmar nan a kan mutumin da ya bar ɗansa a gona don in yi karatu.

Har yau takardar na aiki. Na taɓa kai matata wani ƙaramin asibiti na ji wata ma'aikaciya tana karanta wa wani tsoho jimlolina, kalma da kalma, ga kwanonina biyar an zana su a ƙasan shafi, har da tozon. Tsohon yana ta nuna na ƙarshe. Na fita waje na jira.

Da na koma ƙauye bayan mako ukun, na tafi da niyyar zama. Na kai masa goro, na zauna har la'asar. Na ce, "Kawu, ran nan ka fara wata magana a bakin gona." Ya ce, "Ni? Ban tuna ba." Na ce yaya jiki, yaya barci. Ya ce, "Lahiya lau. Ba ka rubuta ba?" Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatse ne da na ji sauƙi. Da na tashi tafiya na yi ta jan ƙafa a bakin zaure, ina gyara takalmi, ina jiran ya miƙe. Daga zaune ya ce in gaida gida.

Na koma sau huɗu kafin kaka, kowane zuwa haka. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce mini kwanon tuwonsa yadda ya shiga haka yake fitowa. Ya bar zuwa gona, maƙwabta suka yi masa gayya suka girbe abin da tsuntsaye suka rage. Ya ba da shanun riƙo. Na ce zan kai shi asibiti, ya ce mi ke gare shi da za a kai shi? A masallaci kuwa ana ta ba da misali da haƙurinsa. Bayan an ɗaure dawa ya kwanta, kwana shida, ba wani ciwo da za a nuna da yatsa. Ban ce da Dakta ta gan shi da ajali ya fasa ba, ni Musulmi ne. Abin da na sani shi ne mutumin nan sau ɗaya tak ya buɗe baki a rayuwarsa, ni kuma na ce masa hadari ya taso.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida in yi wa Inna sallama. Tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi. Na durƙusa, na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, ko ya taɓa gaya mata abin da ke ransa, ko da sau ɗaya.

Ta ce, "Wa? Kawunka? Ai ka san shi." Ta ja carbi biyu ko uku. "Ran da ka zo da kwanoninka dai, ya daɗe bai shigo ba. Ruwa ya ƙare a kansa, ya dawo sharkaf. Na ce mashi, Malam, ina ka tsaya haka? Ya ce, yaron nan na raka. Na ce, to kun yi maganar? Don tun da asuba ya ce mani yau in ka zo shina da magana da kai."

Na ce, "Me ya ce, Inna?"

Ta ce, "Ya ce, a'a, shina sauri. Aiki gare shi."